Sahanar da Na Toshe wa Hanci a Kudai

Na shiga Makka a shekarar da babbar ƙugiyar gini ta faɗo cikin Harami, wata biyu kafin faɗuwarta. Sunana Tasi'u, mutumin Bichi. Ina da shekara talatin da huɗu a lokacin, da jaka ɗaya, da takardar aiki wadda wani dillali ya sama mini a Kano. Abin da ya gaya mini shi ne zan koyar da yara Alƙur'ani a wata ƙaramar makaranta a unguwar Kudai, da yamma kuma in zauna gaban malamai in ƙara ilmi. Mafi darajar abin da ke cikin jakar kundin mahaifina ne, addu'o'i da wa'azi da ya rubuta da ajami da hannunsa, cikin tsohuwar gafaka ta jar fata.

Kwana uku na yi a Kudai ina neman makarantar. Da na kai inda aka kwatanta mini, sai na tarar da shagon facin taya. Mai shagon ya karɓi takardar ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce ni ne na huɗu da ya zo da irinta. Na koma kusa da tashar motocin alhazai na zauna a kan jakata. Akwai wani Bayamale mai gasa gurasa a nan, bai taɓa tambayata sunana ba, amma kullum da safe sai ya ɗora gurasa mai zafi da ɗan dafaffen wake a gefen tandarsa ya juya baya, kamar mantuwa ya yi. Allah ya saka masa da alheri a duk inda yake.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, na ji wani a ƙofar masallaci yana faɗa a waya da Hausa. Na tsaya kusa da shi har ya gama, don kawai in ji harshen. Ya dube ni ya dubi jakar, ya tambayi garinmu. Da na faɗa sai ya yi dariya, ya ce ashe bawansa ne Bakano ya ɓata a ƙasa mai tsarki. Wannan shi ne Lawali, mutumin Damagaram, mai gyaran wutar lantarki. Ya ɗauki jakata da kansa ya hau da ni dutsen Nakkasa, inda yake haya a ɗaki guda mai rufin kwano. Ya raba tabarmarsa biyu. Shi ya koya mini sunayen motoci, da yadda ake amsa wa ɗan sanda, da cewa ruwa a kan dutsen nan motar tanki ke kawo shi, wadda suke kira wayit, don haka ba a alwala da buta cike.

Hajji biyu na yi ina aiki a Mina, ina ɗaukar kaya ina tura tsofaffi a keke. Abin da idona ya gani a Hajjin farko ba na wannan labarin ba ne. Abin da zan faɗa kawai, duk lokacin da na ji wata tsohuwa ta kira ni ɗana da harshen gida, sai in yi yini guda ina ganin zauren gidanmu da bishiyar darbejiyar da ke gabansa.

Bayan Hajji na biyu na dawo Nakkasa na nemi kundin mahaifina na rasa. Na zazzage jaka, na ɗaga tabarma, na leƙa bayan durom ɗin ruwa. Mu biyu ne ke da mabuɗin ɗakin. Akwai kuma masu yawo suna sayen tsofaffin rubuce-rubuce, na taɓa ganin ɗaya yana gaisawa da Lawali. Ranar Juma'a, maƙwabta sun taru ana cin shinkafa a faranti ɗaya kamar yadda aka saba, na buɗe baki a gaban mutum goma sha wani abu na ce Lawali ya sayar da kundin ubana. Bai rantse ba, bai zage ni ba. Ya cire hannunsa daga abinci, ya wanke, ya haɗa kayan aikinsa cikin buhu, ya bar mini ɗakin da shi ne ya kawo ni cikinsa.

A watan Rajab na yi niyyar umra, na warware haramina da ke naɗe tun dawowata daga Mina. Gafakar ta faɗo a kan ƙafata. Ni da kaina na naɗe ta a ciki don gudun ruwan sama, na manta. Na yi umrar, na yi kuka a ɗawafi, na nemi gafarar Allah. Amma ban kira Lawali ba. Lambarsa tana cikin wayata. Kullum sai in ce gobe, har goben ta zama shekara uku.

Da aka fara rushe gefenmu na Nakkasa, limamin masallacinmu ya haɗa ni da wani gida a Kudai. Maigidan, Baba Yunusa, a bayan uwarsa ya shigo Makka ta hanyar Sudan, a nan ya girma ya tsufa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ƙirjinsa kuma ya yi rauni, sai da injin iska yake numfashi sosai. 'Yarsa Hajiya Amina, wadda mijinta ya rasu, ita ke kula da shi, ɗansa Faisal kuma yana aiki a Jidda. Aikina in yi wa Baba wanka, in juya shi, in yi masa karatu. Suka ba ni ɗaki a kan soro, suka gyara mini takarduna. Hajiya Amina Hausarta rabi Larabci ce, tana kirana Ustaz. Baba kuwa yana kirana ɗan Kano, ya kan sa in karanta masa kundin mahaifina, yana gyara mini inda na yi sauri.

Haka muke har shekarar korona, da aka rufe Harami aka hana fita dare da rana. Faisal ya maƙale a Jidda. Muka rage mu uku a hawa na uku na wani tsohon bene marar lif.

A banɗakin gidan akwai tukunyar dafa ruwa ta lantarki rataye a bango, fara, mai girman durom ƙarami. Sahana suke ce mata. Bangon da take jiki, bayansa ne kan gadon Baba yake. A ƙasanta akwai wani ɗan bututu kamar bakin buta. Wajen mako biyu kafin ranar da nake ba da labari, bututun nan ya fara ɗiga. Da fari ɗaya-ɗaya, daga baya ya zama kamar zare, wani lokaci har da huci. Ruwan kuma ya ƙara zafi fiye da da, amma ban haɗa abubuwan biyu ba.

Ɗigar nan ta dame ni ta fuska biyu. Wayit ba ya zuwa a kan lokaci saboda dokar hana fita, ni kuwa Nakkasa ta koya mini ganin kowane ɗigo. Na biyu, ruwan yana sauka a daɓen banɗaki ya fantsamo mini a wando, in fito ina kokwanton tsarkina, in sake wanki kafin salla. Wata Talata da hantsi na binciko gwangwanin kusoshin Baba, na sami wani murfin tagulla mai zare wanda ya yi daidai da bakin bututun. Na naɗa masa leda, na murɗa, na ƙara matsewa da filaya. Ɗiga ta tsaya cak. Na yi hamdala, ina jin na yi wa gidan aikin lada.

A wannan hantsin kuma Hajiya Amina ta ce zafi ya shigo, lokacin kashe sahana ya yi. Al'adar mutanen Makka ce. Da bazara ruwan tankin soro ya kan yi zafin da ba a iya taɓa shi, sai a kashe sahana, ita da ke cikin inuwar gida ta zama randa. Famfon zafi ya koma na sanyi, na sanyi ya koma na zafi. Ta danna makunnin da ke bakin banɗaki, ta ce kada kowa ya buɗe famfon zafi har la'asar, don ruwan ya huce a yi wa Baba wanka da shi.

Bayan azahar ina yi wa Baba karatu, sai na ji bangon da ke bayan kansa yana wani gunji, kamar an dafa duwatsu a tukunya. Na ɗora tafin hannuna, bangon da ɗumi. Na leƙa banɗaki. Jar fitilar sahana tana ci, allurar awon zafi da ke gabanta ta wuce jan layi ta kwanta a ƙarshe. Na danna makunnin sama, na danna ƙasa, fitilar ba ta ko ƙifta ba. Makunnin kansa da zafi, yana warin ƙonanniyar roba.

Na kira Hajiya Amina. Ta kira Faisal, wayarsa ba ta shiga, yana bakin aiki. Ta kira mai gyaran da suka saba da shi, ya ce ba shi da takardar izinin fita, ya ce ta kashe babban makunnin gidan kawai, ya ajiye waya. Ta ce mini wannan ba zai yiwu ba. Injin iskan Baba tsoho ne, ranar da aka ɗauke wuta bara ya ƙi tashi sai da aka kawo masani, tulun iskan ajiya kuma babu komai a ciki tun makon jiya. Saukar da Baba hawa uku mu biyu, shi ma ba abin da za mu iya ba ne.

Na tsaya a baranda da waya a hannuna. Mai gyaran wuta ɗaya na sani a duk faɗin Makka wanda zai tsaya ya saurare ni da Hausa, in ya yarda ya ɗauka. Na danna lambar Lawali.

Ya ɗauka a ƙara ta uku. Na yi sallama, ya amsa. Na ce ni ne Tasi'u.

"Na sani. Ban share lambar ba. Wani abin ne ya sake ɓata?"

Na haɗiye wannan. Na gaya masa halin da ake ciki, da tsohon da ke bayan bango, da injin iskan. Nan take muryarsa ta koma ta aiki. Ya tambayi fitila, ya tambayi allura, ya sa na kara wayar kusa da ƙofar banɗaki ya ji gunjin. Ya ce a cikin kowace sahana akwai wani ɗan ƙarfe mai gadi, wanda in ruwa ya yi zafi yake yanke wuta. Nata ya mutu, wutar da ke ta bi ba hutu kuma ta narkar da makunnin bango ya manne daga ciki.

"Amma kada hankalinka ya tashi," in ji shi. "Akwai ɗan bututu a ƙasanta. Muddin yana zubar da ruwa yana huci, ba za ta fashe ba. Yana zuba?"

Na ce da yana zuba.

"Da?"

Na ce na toshe shi da safe, da murfin tagulla, saboda ɓarnar ruwa da kuma tsarki.

Na ji ya ja numfashi. "Malam, ka toshe mata hanci, kana hura mata wuta. Fita daga ƙofar nan. Kada ka taɓa murfin, in ka kwance shi yanzu fuskarka za ta saɓule."

Ya ce Hajiya ta tafi kicin, wanda ya fi nisa, ta rufe hannunta da tawul mai kauri, ta buɗe famfon zafi gaba ɗaya ta ja da baya. Ni kuma in tafi akwatin wutar gidan. Ya ce zai ba ni minti biyu in gano makunnin sahana. In ban gano ba in kashe babban, injin iska ya tashi ko kada ya tashi, don tsohon zai iya jure ƙarancin iska na ɗan lokaci, amma ba zai jure bango a kansa ba.

Daga kicin na ji famfo ya yi tari, sannan ya kama tsartuwa da ƙara. Tururi ya turnuƙo har baranda, Hajiya Amina tana ta salati.

Akwatin yana bayan ƙofar shigowa. Na buɗe, ga makunnai goma sha biyu a jere, duk kamarsu ɗaya. A ƙarƙashin kowanne an manna 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Hajiya ta ɗaga murya daga kicin ta ce kada in ɓata lokaci a kansu, rubutun Abuya ne, wato Baba, su da Faisal sun sha dubawa, baƙaƙen Larabci ne amma ba sa ba da ma'ana. Na haska fitilar waya. Ajami ne, irin hannun makarantar allo, wanda mahaifin Baba ya koya masa a nan Makka. Na bi su da yatsa. Zaure. Madafa. Ɗakina. Ɗakin yara. Biyu daga ciki sun goge, kalmar ruwa kaɗai ta rage a kowanne.

Na gaya wa Lawali. Ya ce ɗaya na injin tura ruwa soro ne, ɗaya na sahana, in kashe duka biyun, babu wanda zai mutu don an kashe injin ruwa. Na yi bisimilla na sauke su.

Na saurara. Injin iskan Baba yana nan yana gurnaninsa a hankali. Na leƙa banɗaki daga nesa. Jar fitilar ta mutu.

Na zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa. Lawali bai bar ni na huta ba. Ya ce wuta ta mutu amma zafin yana nan, a bar famfon kicin a buɗe har tururi ya ƙare ruwa ya zo, mu kuma ja gadon tsohon daga bangon. Muka ja, ni da Hajiya, taku uku. Baba ya buɗe ido ya shaƙi iska, ya tambaya wa ke dafa abinci da tsakar rana bai kawo masa ba. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta sumbaci goshinsa.

Kusan rabin sa'a Lawali yana kan waya. Gunjin ya ragu, ya zama ƙwas-ƙwas, ya ɗauke. Allura ta fara saukowa. Ya ce murfin kuwa sai gobe, in tukunyar ta yi sanyi kamar tulu, sannan in kwance shi in ajiye kofi a ƙarƙashi. Ya ce to, shi ke nan, a gai da mai jiki.

Na ce ya dakata. Na hau soro inda babu kowa. Daga can ana hango hasumiyar agogon Harami, titunan Kudai kuwa wayam, ko mota ɗaya babu. Na ce masa na ga kundin. Na faɗi inda na gan shi, da watan, da shekarar. Na ce na zalunce shi, ina neman ya yafe mini.

Sai ya ce:

"Shekara uku yana hannunka."

Na ce e.

"Ka san aikina a cikin ɗakunan mutane nake yinsa. Matar gida tana ciki, zinariyarta tana kan madubi. Bayan maganarka shekara guda babu Bahaushen da ya kira ni gidansa. Wanda ya kira ma sai ya sa wani ya tsaya a kaina. Wajen 'yan Bangala masu gyaran wuta na koma ina riƙe musu tsani." Ya ƙara da cewa, "Ni na yafe tun tuni, don ba na son in tsaya da Bakano gobe ƙiyama, za ka cika ni da surutu. Amma ba a kan soro ka faɗa ba, Malam. A gaban mutane ka faɗa."

Gaskiyarsa ce. Mutanen da suka ci shinkafar nan rusau ya warwatsa su, wasu suna Jidda, wasu sun koma gida, amma muna da zaure a waya inda ake sanar da rasuwa da haihuwa. Bayan la'asar na yi alwala, na zauna, na ɗauki muryata. Na faɗi sunana da sunan ubana. Na ce abin da na faɗa a kan Lawali ranar Juma'ar nan ƙarya ne, kundin yana cikin haramina, na gan shi tun Rajab ɗin da ya biyo baya na ɓoye saboda kunya, kuma yau mutumin da na kira ɓarawo ya tsamar da rai uku. Sau huɗu ina ɗauka ina gogewa, don kowane karo sai in ji na saka wa kaina uzuri a ciki. Na biyar na tura.

Kafin magariba amsoshi suka yi ta shigowa. Wasu sun yi mini faɗa, na kuwa cancanta. Wani dattijo da ya koma Zinder ya ce shi ma yana neman gafarar Lawali, don ya yaɗa maganar.

Bayan an sassauta doka, wata safiya ya zo da buhun kayan aikinsa. Ya yi furfura a gemu, ni ma haka. Hajiya Amina ta riga ta ji labarin duka daga bakina, har da na murfin. Ta gaishe shi daga bayan labule, ta ce ita da Faisal, wanda ya dawo daga Jidda, za su kai Baba asibiti, ta miƙo masa mabuɗin gidan, ta ce in ya gama ya kulle ya ba mai kanti na ƙasa, Ustaz ma zai bi su. Lawali ya dubi mabuɗin a tafin hannunsa, ya dube ni, ya sa a aljihu.

Da muka dawo da azahar mun same shi zaune a matakala, bai ba mai kanti ba, ya ce yana so ya nuna mini aikin. Ya sa sabon ƙarfen gadi, da sabon makunni, da sabon ɗan bututu wanda ya ja masa siririn tiyo har cikin bokiti, don kada ruwa ya taɓa wandon malam. Ya ce abin da ya taru a bokitin in zuba wa shukar Hajiya, ba a yi ɓarna ba ke nan. Takardun Baba na akwatin wuta bai cire ko ɗaya ba, biyun da suka goge ya ce in sake rubuta su da hannuna.

Sannan ya ce in kawo kundin ya gani, tunda an ce shi ya sayar. Na sauko da gafakar. Ya buɗe, ya juya shafi biyu, ya ce shi ba ya karanta wannan, in karanta masa addu'a ɗaya. Na karanta masa wadda mahaifina ya rubuta don matafiyi. Muka shafa. Ya laluba aljihunsa ya fito da murfin tagullar nan, wanda ya tsinta a kan tagar banɗaki, ya jefa shi cikin gafakar ya ɗaure bakinta da kansa.

"Ajiye su tare, bawana. Babu sauran komai tsakaninmu."

Ya kunna sahanar don gwaji. Muka tsaya mu biyu a ƙofar banɗaki muna kallon jar fitilar. Da ruwan ya yi zafi, muka ji ƙas, ta mutu da kanta.